Bukkar dako ta ƙi komawa jaka: wa ya san kanta?

Bakano a Madison:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema daga duk wanda ya saba da tantin nan na farauta, irin wanda ake ja ya buɗe kamar lema, mutum ya zauna ciki yana dakon barewa. Ni bukkar dako nake ce mata. Bana ce shekarata ta farko ta fita farauta a nan jihar Wiskonsin ta Amurka, bayan na yi kwas ɗin da doka ta ɗora wa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973, na kuma yanki lasisi. Kakar bindiga kwana tara ce kacal, an fara ranar Asabar.

Jiya Lahadi na sha wuya. Rana ta faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, minti ashirin bayan haka lokacin harbi ya ƙare, na tashi naɗewa. Yatsuna sun sandare, ga Magariba tana neman wuce ni. Na tura bango ɗaya ya shiga, na tura na biyu, sai na farko ya sake bullo. Na danne da gwiwa, kawai na ji ƙas! Sanda ɗaya ta tsage, tsarabun ta shige mini tafin hannu. Ƙarshe haka na rungumo ta rabi a buɗe, na ja ta har bakin titi tana sarƙe kowane reshe. Dajin gwamnati ne, kuma kudu yake da babbar hanya mai lamba 64, ba a yarda a bar bukka ta kwana ba. Ke nan kullum sai na kafa, kullum sai na naɗe. Saura kwana bakwai. Ku taimaka don Allah.

Direban Minesota:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai, wace iri ce? Mai cibiyoyi ce, wato kowane bango yana da sanduna huɗu da suka haɗu a tsakiya kamar gicciye, ko kuwa mai zoben ƙarfe da ake murɗewa?

Bakano a Madison:
Mai cibiyoyi ce Yaya. Biyar: bango huɗu da rufi.

Hajiya Mai Gidan Sauro:
Ayya, sannu. Da mai zoben ce da na koya maka yanzu, don aikina ke nan a shago nan Kaduna. Gidan sauron nan mai tashi da kansa, ba a mako sai an dawo mini da ɗaya an ce ya ƙi naɗuwa. Ka haɗa bangon ya zama falle ɗaya, ka kama gefe biyu, hannu ɗaya ya murɗa gaba ɗaya ya murɗa baya, sai ya zama kamar lamba 8, ka kifa zobe kan zobe. Ƙarfen da kansa yake son ya tafi, kai bin sa kawai za ka yi. Wanda ya sa ƙarfi shi ke lanƙwasa shi, kuma in ya lanƙwashe sau ɗaya ba ya ƙara tsayawa daidai.

Direban Minesota:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma maganarta ta ƙarshe ta shafi taka ma. Ni da irin wannan ginin na fara sabawa wajen kamun kifi a kan tafki idan ya daskare, tantinsu duk tsari ɗaya ne. Ka fara gane yadda aka yi abin. An yi sandunan sun ɗan fi kyallen tsawo, shi ya sa dole su lanƙwasa. Wuri biyu kawai cibiya take iya zama, ko waje ko ciki, ba ta tsayawa a tsakiya. Duk bangon kuma jan juna suke yi. In ƙofa tana zuge, kyallen yana ɗaure tamau kamar fatar ganga, ga sanyi ya ƙara masa tauri, to duk bangon da ka tura sai ɗan uwansa ya amsa. Na tabbata jiya ƙofarka a rufe take.

Ga yadda nake yi. Na fara fitar da kujera, jaka da komai, bindiga kuma na cire mata harsashi na ajiye nesa. Na kwance igiyoyi, na tsige turaku, na ƙirga su a hannu kafin su shiga ƙaramar jakarsu. Na zuge ƙofa har ƙasa na bar ta a buɗe. Sai na bi bango ɗaya bayan ɗaya daga waje, tafin hannu a kan cibiya, turawa ɗaya. In bango huɗu sun shiga, na danna rufi. Daga nan cibiyoyi biyar za su taru a ƙasa, kusurwoyi su miƙe sama, kamar lemar da aka kifa. Ka rungume, ka kwantar a ƙasa, ka cusa kyallen da ya yi lebatu tsakanin sanduna, ka matse iska, ka ɗaure da igiya a tsakiya. Cibiyoyi ne ke fara shiga jaka. Ba ya kai minti biyu. Kada gwiwa ta sake taɓa sanda.

Bazazzagi a Ohayo:
Malam Direba, na yarda da komai ban da abu ɗaya. Rufi ake fara dannawa, ba bango ba. In ka tura bango huɗu tukuna, abin ya zube ƙasa, rufin yana nan a ɗaure a sama kamar faifai, sai ka yi ta miƙa hannu kana neman cibiyarsa a cikin duhu. Ni tun ina ciki nake kama igiyar rufi na jawo shi ƙasa, na fito, sannan na bi bango.

Direban Minesota:
Kai dogo ne ko? Ni in rufi ya faɗo ina ciki, sandunan suna bugun kaina, ga dusar ƙanƙarar da ta taru a sama ta zubo mini a wuya. Kuma rufin da ya shiga tun farko yakan sarƙe da sandunan bango idan suna shigowa.

Bazazzagi a Ohayo:
Ba ya sarƙewa in ka tura bangon da ke fuskantar juna. Gaba da baya, sannan dama da hagu. Shekara shida ina haka.

Mai Kula da Zaure:
Ku biyun duk kuna dawowa gida da bukkarku lafiya, ke nan kowace hanya tana kai wa. Bakano, duba takardar da ta zo cikin jakar, don kamfanoni ma sun bambanta a kan wannan. Abin da ba su yi saɓani a kai ba shi za ka riƙe: ƙofa a buɗe, turaku a waje, babu dannewa.

Bakano a Madison:
Wallahi ƙofar a zuge take, kuma yanzu na tuna turke ɗaya na baya ban cire shi ba, ƙasa ta daskare ta riƙe shi. Na gode ƙwarai. To sandar da ta tsage fa?

Bazazzagi a Ohayo:
Ana sayar da su daban a shagunan kayan farauta. Auna tsawon tsohuwar da kaurinta. A cibiya akwai noti, ka kwance da sifana, farantin ya buɗe, ka zare wadda ta tsage, ɗaya bakin kuma ka fitar da shi daga aljihun kusurwa. Ka yi aikin bangon yana sake, ba yana ɗaure ba, kuma ka ɗauki hoton cibiyar kafin ka kwance don ka san yadda aka jera su. In ba ka samu ba kafin gobe, ka ɗora mata guntun sanda ka naɗe da salatif mai ƙarfi, za ta kai ka ƙarshen mako. Sa safar hannu. Tsarabun kuma ka manna salatif a tafin hannun ka fizge, yana fitar da mafi yawa.

Jikan Sarkin Baka:
Na karanta wa Kakana wannan zancen duka, yana zaune a zaure bayan La'asar, ya ce in rubuta muku amsarsa. Shekararsa sama da hamsin yana shiga daji a ƙasar Bauchi kafin ƙafa ta hana shi. Ya ce a gaishe da ɗansa na Amurka, ya ce Allah ya ba da sa'a. Amma ya ce abin da ya ɗaure masa kai, ta yaya mutum zai ɗauki ɗaki daga gida ya dasa a gaban nama da asuba, ya sa ran naman ba zai gani ba? Ya ce barewa ta san dajinta kamar yadda mace ta san madafinta, ko muciya aka gusa sai ta lura. Su a zamaninsu in za su yi dako a bakin ruwa da rani, da abin wurin suke yin maɓoya: sabara, geza, kalgo, busasshiyar ciyawa. Su kafa su tafi, sai bayan kwanaki su dawo su zauna, lokacin nama ya saba. In kuma fili ne babu maɓoya, su ɗaura kan burtu a goshi, su rufa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su isa inda kibiya za ta kai. Ya ce nama ba ya tsoron abin da ya saba gani.

Ya kuma tambaya: in ka shiga ɗakin nan ka rufe, ta ina kake jin iska a fuskarka? Shi toka yake ɗiba a ɗan ƙoƙo, ya saki kaɗan ya ga inda ta nufa.

Bakano a Madison:
Allah ya ja da ran Baba, ya ƙara masa lafiya. Ka ce masa ina gaishe shi da girmamawa. Maganarsa ta zauna, don ranar Asabar wata macen barewa ta fito kamar taku tamanin daga gare ni, ta tsaya cak tana kallon bukkar, ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi huci, ta ɗaga farar wutsiyarta ta tafi. Ban motsa ba ko kaɗan.

Direban Minesota:
Baba ya gama magana. Abin da ya faɗa shi tsofaffin mafarautan nan ma suke faɗa: a kafa bukka mako biyu ko fiye kafin a buɗe kaka, a lulluɓe ta da rassan wurin. Mai gonar kansa ko wanda aka ba izini a gonar wani yana iya yin haka. Kai da dole ka kwashe kullum, dabara ta rage maka. Kada ka kafa a tsakiyar fili. Nemi itacen da ya faɗi, ko gindin duhuwa, ka cusa bayanta ciki, inuwa ta rufe ta, rana ta kasance a bayanka. Layin rufin nan miƙaƙƙe shi ne ya fi tona ta, daji ba shi da miƙaƙƙen layi. Yawancinsu suna da 'yan madaukai a gefen rufi, ka soka matattun rassan da ka tsinta a ƙasa. Na ce waɗanda ka tsinta, kada ka sari ɗanyen itace a dajin gwamnati.

Sai tagogi. Sabon shiga yakan buɗe duka huɗu don kada komai ya wuce shi, alhali haske ne ke ratsawa, barewa ta ga inuwar kansa tana motsi. Buɗe ta gaba kaɗan, na baya a rufe ruf, ka ja kujera baya cikin duhu. Ka share ganyen ƙasa da ƙafa kafin ka kafa, in ba haka ba duk juyin da ka yi ƙaras-ƙaras ne. Abin mamaki, talo-talon daji ba ruwansa. A kakarsa ta bazara ka kafa a fili tsirara da safe, ya zo ya wuce ta gefenka. Barewa ce mai lura.

Zancen iska kuwa, bukka tana rage wari amma ba ta kashe shi. A nan ma gari ake sayarwa a 'yar kwalba ana fesawa, tokar Baba ce dai aka sa wa kuɗi. Iska ta taso daga wajen nama zuwa gare ka, in ta juya ka tashi.

Bazazzagi a Ohayo:
Bakano, abu ɗaya da ban ji ka ambata ba kuma ya fi duk wannan muhimmanci. Ka sa wa bukkar kyallen ruwan lemu? A jiharku, a filayen da hukumar DNR, wato hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, take kula da su, lokacin kakar bindiga dole bukkar ƙasa ta nuna ruwan lemu mai haske aƙalla murabba'in inci 144, wato kamar inci 12 tsawo 12 faɗi, kuma a gan shi ta kowane ɓangare. Rigarka ta lemu ba ta da amfani in kana cikin tanti mai launin daji, wani yana can ƙetaren kwari da bindiga bai san da mutum a wurin ba.

Bakano a Madison:
Na sa, akwai hular rufi da na saya tare da ita. Amma na yi zargin ko ita ce ta kori barewar.

Bazazzagi a Ohayo:
Ba ita ba ce. Idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan lemu kamar namu, shuɗi ne take gani sosai. Siffar akwati ta gani da baƙin ramin taga. Kada ka cire hular nan ko da wasa. Kuma lokacin harbi bakin bindiga ya fita waje da taga. Ragar tagar nan da ake cewa ana harbi ta cikinta, don kibiya aka yi ta, ba don bindiga ba.

Tela a Kwari:
Ni ban taɓa farauta ba amma kyalle da zif aikina ne. Ka goga kyandir a haƙoran zif ɗin sama da ƙasa, zai riƙa tafiya sumul ba ƙara, sanyi ma ba zai riƙe shi ba. Kuma don Allah kada ka bar ta cikin jaka da danshi. Irin yadin nan mai shafen roba a ciki, kwana biyu da laima ya isa ya yi fumfuna, shafen ya fara ɓarewa, ɗinki ya ruɓe. In ka dawo ka buɗe ta ta sha iska. Jakar ma in ta yi matsi, a buɗe ɗinkin gefe a ƙara mata ƙyalle faɗin tafin hannu. Kai da hannu a cikin sanyi ba za ka mayar da ita yadda ta zo daga masana'anta ba.

Direban Minesota:
Malam Tela, Allah ya saka. Sai dai ya shanya ta a baranda ko wajen gida, ba kusa da madafi ba. In ta kwashi ƙamshin daddawa da soyayyen mai, ko turaren wuta, an gama. A ƙarshen kaka kuma a rataye ta sama, ɓeraye suna son yin gida a ciki.

Mai Hoton Tsuntsaye:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni ba na harbi, hoto nake ɗauka a fadamun Hadejia da Nguru lokacin da tsuntsayen Turai suke sauka da hunturu. Wani aboki ya kawo mini irin wannan bukkar, na yi amfani da ita sau uku na ajiye. Da hantsi ya yi, ciki ya zama tanda. Iskar hunturu kuma ta taɓa tura mini bango ɗaya ciki ina zaune, don ban ɗaure igiyar cibiya ba, turakun da suka zo da ita kuwa sirara ne, yashi ba ya riƙe su. Yanzu masunta nake roƙa su kafa mini zana biyu a bakin ruwa, na fi samun hoto.

Ga kuma gargaɗi ga na gida da zai yi sha'awar yin oda. Yadin yana kama da kakin soja, kuma kun san jami'an tsaro ba sa wasa da farar hula a kan wannan. A halin da dazuzzukanmu suke ciki yanzu, mutum ya kafa tanti mai irin wannan launi a jeji ba tare da mai gari da 'yan banga sun sani ba, yana iya jawo wa kansa abin da ba a fata.

Jikan Sarkin Baka:
Kaka ya ce wannan gaskiya ne. Ya ce ko a da ba a shiga dajin wani gari sai an gaida sarkin bakansu.

Direban Minesota:
Zancen igiya da Mai Hoto ya kawo, Bakano ka riƙe shi. Kowace cibiya tana da zobe a waje, na ɗaure igiya ne. Ko biyu kawai za ka ɗaure, ka ɗaure na ɓangaren da iska ke bugowa, a jikin itace in akwai. In ƙasa ta daskare, bar turakun waya, sayi dogayen kusoshi masu kauri ko masu murɗawa. Wajen kafawa, ka ɗaura wa igiyar cibiyar rufi wani ƙyalle mai launi daban, don da asuba a cikin duhu duk biyar ɗin kama ɗaya suke, in ka ja ta bango kana zaton rufi ce sai bukkar ta juye ciki ya koma waje. Taka gefen kyallen da ƙafa, ja rufi, sannan bango. Riƙe cibiyar da hannu biyu ta fito a hankali, kada ta yi bam ɗin nan da ke tashin duk dajin.

In kana kunna hita mai gas, bar taga a buɗe. Kun san yadda hayaƙin janareta ke kashe mutane a ɗaki a gida, iskar ɗaya ce, ba ta da wari. Ka kashe ta ta huce kafin ka fara naɗi.

Magariba kuma, ni ba na haɗa ta da naɗi. Da lokacin harbi ya ƙare, na cire harsashi, na yi sallata a nan gefen bukka, alƙibla arewa maso gabas, na ɗumama hannu a aljihu, na kunna fitilar goshi, sannan na fara. Gaggawar sallah ce ta sa ka danne da gwiwa jiya. Yau da dare ka fitar da ita a falo ko wajen ajiye mota, ka kafa ka naɗe sau goma, biyar na ƙarshe da fitila a kashe da safar hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Mai Gidan Sauro:
Haka nake sa masu saye su yi a gabana kafin su bar shago. Sau uku, da hannunsu.

Bakano a Madison:
Salam 'yan uwa, na dawo da labari, yau Laraba. Na samu sanda ranar Litinin na canza, hoton cibiyar ya taimaka sosai. Na gwada hanyar Yaya Direba da ta Malam Bazazzagi a falo, yarana suna riƙe mini agogo. Tawa ta fi bin rufi da farko, amma daga waje nake danna shi da tafin hannu, ba daga ciki ba. Jiya a daji minti uku na yi har da ɗaure jaka, turaku takwas cif.

Na matsar da wurin zama zuwa bayan wani itacen da guguwa ta kayar, na soka rassa a rufi, taga ɗaya na buɗe. Wajen ƙarfe huɗu saura kwata barewa biyu suka fito, uwa da ɗanta na bana, suka yi kiwo a gabana har ina jin ƙarar ganye a ƙarƙashin kofatonsu. Ba su kalli bukkar ba ko sau ɗaya. Ban harba ba, namiji nake jira. Jikan Sarkin Baka, ka faɗa wa Baba na zuba toka a 'yar kwalbar magani tana aljihuna. Ka kuma faɗa masa da an rufe wannan kakar akwai wata ta kwana goma, ta bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, 'yar uwar adakarsu.

Jikan Sarkin Baka:
Na faɗa masa. Ya yi murna da ka bar uwa da ɗa. Ya ce in tambaye ka, namijin ta wace hanya yake saukowa shan ruwa, kuma ka duba sawunsa da safe ne ko da yamma?

Bakano a Madison:
Da safe na gani, sabo, a bakin wani ɗan rafi gabas da inda nake. Gobe in Allah ya kai mu zan matsa can, in iska ta tsaya daga yamma sai in zagaya in kafa a ƙetaren rafin.